Tauraron da Jirgin Alhazai Ya Fi Gudu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata a manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a Argungu ba. Ranar ce na tsaya gaban mutum kusan sittin, alli a hannuna, na rage wa tauraron ɗan Adam gudu har ninki sittin, sannan da aka nuna min na tsaya ina gardama.

Bari in faro muku daga tushe. Fiziks na karanta, kuma a lokacin shekarata uku da gama bautar ƙasa ban sami aikin kirki ba. Abin da nake yi shi ne bin gidaje a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi da yamma ina yi wa 'ya'yan ma'aikata lesin. Ni da matata Asma'u muna zaune a ɗaki ɗaya tal a gidan Babana a Gwadangaji, nan gefen gari, ga ta da cikin wata bakwai. Ɗakin nan, in aka buɗe ƙofar kwaba sai wanda ke kan gado ya naɗe ƙafa. Kullum in na dube ta tana lissafin inda za a ajiye kayan jariri sai in ji gabana ya faɗi.

Ana haka sai ga labarin wata makarantar sakandare ta al'umma a Argungu tana neman malamin kimiyya guda ɗaya. Ba albashin ne ya fi tsone min ido ba. Aikin yana tafe da gida a cikin makarantar, ciki da falo, har da ɗan tsakar gida. Muka rubuta jarrabawa mu da yawa, aka tace, aka tace, muka rage mu biyu: ni da wata Malama Rifkatu, wadda iyayenta mutanen Filato ne amma a Birnin Kebbi aka haife ta. Shugaban makarantar ya kira mu ya ce saura mataki ɗaya. Kowa zai koyar da darasi na minti ashirin, kuma da Hausa, a gaban ɗalibai da kwamitin iyaye. Dalili kuwa, iyayen sun gaji da yara suna dawowa gida da haddar Turanci, in ka tambaye su ma'ana su yi ta kallon rufin ɗaki.

Da na ji an ce da Hausa, sai kaina ya fasu. Ni ɗan malamin Arabiyya, wanda ya tashi a zaure cikin littattafai, za a gwada da Hausa? Na dawo gida na shaida wa Asma'u cewa aiki ya samu, ta fara shiri. Har rantsuwa na yi mata cewa a darasin nan kalmar Turanci ko ɗaya ba za ta fito daga bakina ba. (Ku lura, babu wanda ya ɗora min wannan sharaɗin. Ni na yanka wa kaina shi, ni kuma ya kama.)

Da ina da hankali da na ɗauki abu mai sauƙi, inuwa ko madubi ko yadda ake ɗaga dutse da sanda. Ina! Ai so nake a tashi ana cewa ba a taɓa ganin irina ba. Sai na zaɓi tauraron ɗan Adam, irin wanda ke zagaya duniya kusa-kusa, da yadda yake gudu ba ya faɗowa.

Ranar Litinin bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron ƙofar gida na buɗe littafi. Littafin ya ce tauraron yana cin kilomita bakwai da ɗigo bakwai a kowane sakan. Nan na fara cin karo da rantsuwata, don kalmar sakan Turanci ce aka sa mata riga da hula. Me zan ce a madadinta? A wurin Babana, lokaci kashi uku ne kamar yadda yake a Larabci: sa'a, daƙiƙa, saniya. Sa'a ita ce awa, daƙiƙa minti, saniya kuma sakan. To amma ku yi tunanin in tsaya gaban yaran Argungu in ce tauraro yana cin kilomita bakwai a kowace saniya. Ai kafin in rufe baki wani ya tambaye ni ko bijimi nawa yake ci. Sai na tuna a rediyo sau da yawa na ji masu labarai suna cewa daƙiƙa suna nufin sakan. Na ce shi ke nan, an gama. Na rubuta da babban baƙi a takardata: kilomita 7.7 a kowace daƙiƙa.

Ina ɗiga aya Asma'u ta leƙo ta ce an kawo wuta. Duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san ba a yi wa wuta jinkiri. Na watsar da littafi na ruga na goge farar shaddata, wadda na yi angwanci da ita. Daga guga sai magariba, daga magariba sai baƙi, littafin bai sake buɗuwa ba.

Da safe na shiga mota a tasha, mu huɗu a baya, gwiwata a haƙarƙarin wani mai buhun albasa. Ina ta maimaita darasin a zuci, in na kai tsakiya sai farkon ya gudu. Muna wuce fadamun shinkafa kore shar, amma ni ban ga komai ba sai fuskokin kwamitin da ban ma taɓa gani ba. Can idona ya sauka kan agogon gudun motar, allurar tana rawa wajen ɗari da goma sha. Sai wata dabara ta faɗo min. Waɗannan iyayen manoma ne da 'yan kasuwa da direbobi, gudun da suka sani shi ne kilomita kaza a awa. In na mayar musu da gudun tauraro zuwa irin na agogon mota, ai na gama da su.

Na zaro takardar na ɗora a gwiwa, na karanta abin da na rubuta da hannuna jiya: a kowace daƙiƙa.

To a nan gizo ya yi saƙarsa. Shekara talatin ina jin Babana yana leƙowa daga zaure yana cewa, "Ku tashi, saura daƙiƙa biyat a tada salla." Shekara talatin daƙiƙa tana nufin minti a kunnena. Yammaci guda da na ba ta sabuwar ma'ana bai isa ya ture wannan ba, balle ga tsoro ya cika min ciki. Ƙwaƙwalwata ta ce min sa'a ɗaya daƙiƙa sittin ce, na ce ƙwarai kuwa. Na ciro waya na danna bakwai da ɗigo bakwai sau sittin, ta ba ni ɗari huɗu da sittin da biyu. Waya ba ta yi ƙarya ba, abin da na tambaye ta ta amsa.

Na dubi amsar, na dubi allurar direba, na ga tauraro ya ninka motarmu wajen sau huɗu. Wallahi har murmushi na yi. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana karatun Fiziks, ya kamata a ce ko a mafarki ya ga wannan lambar ya ji warinta. Ni kuwa ƙara mata ado na yi. Na ce tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kilomita hamsin da 'yan kai ne, in an raba da bakwai da ɗigo bakwai ya ba da daƙiƙa bakwai. Na rubuta a gefe: kafin mutum ya shanye kofin shayi.

An shirya mana babban aji. Ɗalibai a gaba, iyaye a kan benci a baya, shugaban makaranta a gefe da takarda. A tsakiyar iyayen akwai wani dattijo siriri mai furfura, da tsohon agogo a hannu, aka ce mana shi ne Alhaji Garba, shugaban kwamitin. Ban tambayi sana'arsa ba, kuma da na tambaya da wataƙila na tsira.

Rifkatu ce ta fara. Ta shigo da guntun tiyo da bokitin ruwa, ta yi darasi a kan dalilin da ya sa injin ban ruwa ba ya jan ruwa in iska ta shiga tiyo. Ba ta wahalar da kanta da tace kalmomi ba, inji ta ce inji, tiyo ta ce tiyo, minti ta ce minti. Manoman shinkafar nan sai gyaɗa kai suke, wani har ya ce, "Awo, haka na!" Ni kuwa ina zaune ina raina abin a zuciyata, ina cewa darasin tiyo ne za a haɗa da sararin samaniya? Amma hannuna ya jiƙe da zufa har takardata ta fara laushi.

Aka kira ni. Na tashi na nufi allo.

Gaskiya dai farkon ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na ɗaura ɗan dutse a zare na wulwula shi bisa kaina, na nuna musu yadda zaren ke riƙe dutsen kamar yadda duniya ke riƙe tauraro. Na ce zagayen duniya wajen kilomita dubu arba'in ne, kuma tauraron nan yana gama zagaye ɗaya cikin sa'a ɗaya da rabi. Aji ya zuba min ido. Na saci kallon shugaban makaranta na ga yana rubutu yana ɗan murmushi. Tsorona ya fara sauka, girman kai ya hau kujerarsa. Na ce a raina, ciki da falo, ga mu nan zuwa.

Sai na juya ga allo na ce, "Yanzu bari in kawo muku gudun nan ƙasa, in ɗora shi kan titin da kuka sani." Na rubuta kilomita 7.7 a daƙiƙa. Na rubuta sa'a ɗaya daƙiƙa sittin. Na ja layi, na rubuta 462, har na zagaye ta da alli sau biyu. Na ce, "Kilomita ɗari huɗu da sittin da biyu a sa'a guda! Da a ce zai bi titi daga Birnin Kebbi, kafin ka shanye kofin shayi ya iso Argungu."

Ɗalibai suka ce kai! Wasu iyayen suka yi salati. Ina cikin shan wannan daɗin na ga hannu ya tashi a baya, a hankali, ba gaggawa.

"Malam," in ji Alhaji Garba, "a gahwarce ni. Nawa kac ce shika yi a awa?"

Na maimaita masa da ƙarfi, kamar mai yi wa kurma bayani.

Ya gyaɗa kai. "Tau. Bara da munka tahi aikin Hajji, akwai ɗan allo bayan kujerar jirgi, shina nuna gudun da aka yi. Ni kau ban iya ganin allura ko lamba in ƙyale. Na ga kusan ɗari tara. Ke nan jirgin alhazai ya hi tauraron ga naka gudu?"

A can ƙasan zuciyata wata murya ta ce, tsaya, akwai matsala. Amma mutum sittin na kallona, Rifkatu na kallona, ciki da falo na kallona. Sai na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce, "Alhaji, ai jirgi da inji yake tafiya, shi kuwa tauraro babu inji. Ba a haɗa su."

(Ban san me wannan maganar take nufi ba. Har yau ban sani ba.)

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na ji. Amma kai kac ce awa ɗaya da rabi shika zagaye duniya. Ɗari huɗu da sittin a awa, in ka ƙara rabin awa, bai cika ɗari bakwai ba. Wanga ai Abuja kawai za shi kai shi tsaya shan mai. Yaushe yaz zagaye dubu arba'in?"

Aka fara 'yan ƙananan dariya. Zufa ta karyo min, na ji tana bin bayana a cikin shaddar angwanci. Na dubi allo, lambobin suka yi min dishi-dishi. Na san lissafinsa daidai ne, ko yaron firamare zai gani. Abin da ban gano ba shi ne ta ina tawa ta ɓaci, don bakwai da ɗigo bakwai daga littafi na ɗauko, sittin kuwa kowa ya san sittin ce. Duk duniya abin da ya kamata in ce a lokacin kalma uku ce: bari in duba. Sai tsoro ya ce min in ka ce haka aikin ya tafi.

Na ce, "Lissafin sama daban yake da na ƙasa. A can babu ramuka, babu kwana, babu shingen bincike."

"Ko babu rami, Malam, awa dai awa ta," in ji shi. "Shekara talatin da biyu ina tuƙin babbar mota. In an ba ni nisa anka ba ni gudu, ina hwaɗa maka lokacin isa."

A nan ne na faɗi maganar da har gobe in na tuna ta sai na runtse ido. Na ajiye alli, na gyara hula, na ce, "To ai shi ya sa, Alhaji. Wannan ilimin kimiyya ne, ba tuƙin mota ba."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Wata mata a cikin iyayen ta ja mayafi ta rufe baki. Ɗalibai suka sunkuyar da kai kamar su suka yi laifin. Alhaji Garba ya sauke hannunsa ya ɗora a gwiwa, ya ci gaba da kallona. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Shugaban makaranta ya yi gyaran murya, ya juya ga Rifkatu ya ce ko tana da abin cewa. Baiwar Allah ta so ta rufa min asiri. Ta ce, "Ranka ya daɗe, darasinsa ne, shi ya fi sanin abin da ya shirya."

"A'a ɗiyata," in ji Alhaji Garba, "in ni ab bisa kuskure, hwaɗa mani gaban kowa. Ban girme koyo ba."

Ta miƙe a hankali. Ba ta ko kalle ni ba, allon ta kalla. Ta ce, "Malam, tambaya ɗaya ce. Daƙiƙar nan da ka rubuta a layin farko, sakan ce ko minti?"

Jama'a, kun san yadda mutum ke taka matakala a duhu yana zaton saura ɗaya alhali ta ƙare? Haka na ji. Nan take na ga tabarma, na ga gindin dogon yaro, na ga littafi a buɗe, na ji muryar Asma'u tana cewa an kawo wuta. Daƙiƙar layin farko ta rediyo ce, daƙiƙar layi na biyu ta Babana ce. Na haɗa su a allo ɗaya na ɗaura musu aure. Awa ɗaya ba sakan sittin ba ce, sakan dubu uku da ɗari shida ce.

Na ce, "Sakan ce." Muryar da ta fito ba tawa ba ce. Ga shi kuma kalmar da na yi rantsuwa ba zan faɗa ba ita ce ta zo cetona, a makare.

Na ɗauki alli, ya karye. Na ɗauki guntun, na goge 462 da tafin hannu saboda na rasa inda tsumman yake. Na buga bakwai da ɗigo bakwai sau dubu uku da ɗari shida. Amsa ta fito: dubu ashirin da bakwai da ɗari bakwai da ashirin. Ba ninki huɗu na motar haya ba, ninki ɗari biyu da wani abu. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kuwa ba kofin shayi ba ne, kafin ka gama hura shayin ka kai baki ya wuce. Sakan bakwai.

Alhaji Garba ya ɗan motsa leɓe yana lissafi, ya ce, "Yawwa. Yanzu ta zauna. Wanga kam shina zagaye duniya a awa da rabi."

Sai wani tsoho daga can ƙarshen benci, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya tambayi na kusa da shi da muryar da yake zaton raɗa ce, "Wai mi anka ce sunan abin, daƙiƙa ko daƙiƙi?"

Ajin ya fashe. Har shugaban makaranta sai da ya ɗaga takarda ya kare fuska. Na goge zufa da hannun da na goge allo, ashe na shafe fuskata da alli fari fat, abin da ban sani ba sai da na ga kaina a gilashin taga. Na ƙarasa sauran mintunana ban san abin da na faɗa ba. Na gyara lamba a allo, amma ban buɗe baki na ba dattijon nan haƙuri ba. Na yi ta jira in sami daidai lokacin, lokacin bai zo ba.

Bayan azahar shugaban makaranta ya kira mu ofis. Ya yi dogon bayani mai daɗi wanda ƙarshensa shi ne Rifkatu aka ɗauka. Na taya ta murna, ta ce min, "Ka yi haƙuri, ban so na yi magana ba." Na ce ai gara da ta yi. Wannan ce gaskiya ta farko da na faɗa da gaba gaɗi a ranar.

Ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, rana na dukana, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Asma'u, sai wata tsohuwar mota ta tsaya a gabana. Na leƙa. Alhaji Garba ne.

"Shigo, Malam. Birnin Kebbi za ni sayen kayan inji."

Na so in ce ina jiran wani, amma na gaji da ƙarya. Na shiga na maƙure a jikin ƙofa. Muka yi tafiya mai nisa ina kallon fadama kamar yau na fara ganin shinkafa. Da ƙyar na tattaro abin da ya rage min na ce, "Alhaji, don Allah ka yafe min. Na yi maka rashin kunya."

"Ya wuce," in ji shi, idonsa a kan hanya. "Amma bari in hwaɗa maka abu guda. Dutsen ga da kaɗ ɗaure ga zare, ya burge ni. Ban taɓa gane abin da ka hana tauraro hwaɗowa ba sai yau. Kuskuren lissahi kau, wa ka tuƙi bai taɓa ɓata hanya ba? Da kac ce bari in sake dubawa, wallahi ni za ni hwara ɗaga maka hannu cikin kwamiti."

Ya sauya giya, ya ci gaba.

"Ni tsoho na, ka hwaɗa mani magana na shanye. Amma jikokina ukku na cikin ajin ga. Wata rana ɗayansu za shi ga abin da bai zauna mai ba, shi ɗaga hannu. In haka kaka amsa mai, ba shi ƙara ɗagawa har shi gama makaranta. Wanga shi na ban iya sa hannu a kai."

Babu abin da ya taɓa shiga jikina irin wannan maganar. Duk hanya ina ta ɗora laifin a kan rediyo, da wutar da aka kawo, da matsin mota. Ashe gidan nan ban rasa shi a kan allo ba.

Ya kawo ni har bakin layinmu a Gwadangaji, duk da ba hanyarsa ba ce. Da zan fita ya dubi tsohon agogonsa ya ce, "Daƙiƙa hamsin da biyat munka yi. Irin ta gidanku hwa, ba ta rediyo ba." Ya ja motarsa yana dariya.

Na tarar Asma'u ta sauko da kwanukan aurenta daga saman kwaba ta wanke su ta jera a kwali, har ta ɗaure kwali ɗaya da igiya. Ta dubi fuskata, ta gane. Ta zauna a bakin gado ta fara kwance igiyar. Wannan kwance igiyar ya fi min dariyar ajin nan ciwo.

Bayan la'asar na je zaure na ba Baba labari. Da na kai kan daƙiƙa sai ya tashi zaune da ƙarfinsa. "Ai kai ad da gaskiya! Daƙiƙa minti ta, tun kahin a haihi mai rediyon. Su sunka ɓata harshe." Na ɗan ji sanyi, na samu mai goyon baya. Sai na ƙarasa masa abin da na ce wa Alhaji Garba. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya ce, "Wagga kam ba rediyo ta koya maka ita ba." Ya mayar da kansa kan littafinsa.

A ɗakin nan guda aka haifi ɗiyarmu, kayan jaririn kuwa a ƙarƙashin gado suka zauna. Sai bayan fiye da shekara na sami koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Gesse, ba gida, ba tsakar gida. Yanzu in ina darasi sakan nake cewa sakan, minti in ce minti, wanda ya ga Hausata ta gurɓata ya kai ƙara. Kowace lamba ta fito min, kafin in zagaye ta da alli sai na ɗora ta a kan titin Argungu na ga ko za ta kai. In kuwa hannu ya tashi a aji aka ce, "Malam, kamar ba daidai ba," har yau gabana yana faɗuwa, amma na koya wa bakina ya riga girman kaina magana: bari in duba.

Tsohon nan na ƙarshen benci ya fi kowa fahimtar darasina. Tsakanin daƙiƙa da daƙiƙi wasali ɗaya ne tak. Lissafi ya kai ni bakin iyakar, amma da bakina na tsallaka.